Toshiyar Jijiyar Malam da Hannun da Na Ƙi Ɗagawa

Assalamu alaikum jama'a. Ni ce Ya Hauwa mai ƙuli-ƙuli ta Gwange. In kun taɓa cin ƙulin da ya yi ƙaras-ƙaras bai karya muku haƙori ba a garin nan, to nawa ne, ko na wadda na koya wa. Ban yi boko ba, ban san ta inda ake kama alƙalami ba. 'Yata Asabe, malamar makaranta, ita ke rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana, yadda ta fito haka za ta zauna. Labarin ƙafar mai gidana zan ba ku, da wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba da likitoci suka saka masa a jijiya. Ku buɗe kunne, don abin da ya so cinye mu yana nan yana jiran wasu.

Mai gidan nawa, Malam Garba, tela ne. Tun ina amarya ƙarar kekensa ke tashina, ita ke ciyar da gidan nan tare da kaskona. Tela kuwa da ƙafa yake ci. Ciwon suga ya daɗe da shi, mun saba, kamar baƙon da ya ƙi tafiya har aka ba shi ɗaki. Abin da ba mu sani ba shi ne sugan nan yana can yana cushe masa hanyar jini a hankali.

Da fari sai na lura in zai je masallaci yakan tsaya a hanya yana kallon katangar mutane. Na ce, “Malam, gidan za ka saya?” Ya ce iska yake sha. Ashe sharaɓar hagu ce ke ɗaure masa, sai ya tsaya ta sake shi. Ku tuna fa wane lokaci ne: an hana babur a gari, kowa a ƙasa yake tafiya, kuma kowa da kunnensa a sama. Wata rana da hantsi aka ji dum! daga wajen kasuwa. Layinmu ya watse, har kaji. Na leƙo ƙofa sai ga Malam shi kaɗai a tsakiyar titi, ya rungume falwaya, ya kasa ɗaga ƙafa. Ranar na san ba iska yake sha ba. A Maiduguri ta wancan lokaci, wanda ba ya iya gudu ai rabinsa yana kabari.

Daga nan ƙafar ta ɗauki sanyi kamar gindin randa. Babban yatsa ya fara duhu. Sai masu shawara suka yi mana caa. Wannan ta ce sanyi ne, a shafa man shanu da tafarnuwa. Wancan ya ce wani abu ya taka, a yi hayaƙi. Duk mun yi. Amma shugaban masu shawara shi ne Yaya Alhaji, wan Malam, mai sayar da bandar kifi. Shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon ɗinki, shi ya nema masa aurena. Malam da furfurarsa har yau ba ya haɗa ido da shi. Shi kuwa Yaya Alhaji a duniya cuta ɗaya ya sani: mataccen jini. Ciwon kai, mataccen jini. Ciwon baya, mataccen jini. Maganinsa kuma ɗaya, wanzaminsa Ba Modu da ƙahonsa. Aka kafa wa Malam ƙaho a ƙwauri, aka tsattsaga. Tsagar nan ta ƙi warkewa, ta zama gyambo.

Sai Asabe ta zo daga Maisandari ta ce asibiti, ko da faɗa. Muka tafi babban asibiti. Wayyo layi! Ka yi sammako ka kama benci, ana dab da kiranka sai ka ji jiniya, an kwaso waɗanda abin ya rutsa da su, likitoci duk su ruga can. Wa zai yi ƙorafi? Kai da yatsa ɗaya, ga mai neman rai. Sai ka naɗe tabarmarka ka dawo gobe. Na yi fushi da su, na kuma yi musu addu'a, duk a benci ɗaya. Mun yi mako biyu muna wannan zarya kafin muka ga likita.

Likitan ya ɗora yatsu a bayan ƙafar dama, ya ce, “Mama, taɓa nan.” Na ji tana harbawa, dal, dal. Ya kai hannuna ta hagu. Shiru, kamar gidan da aka yi gudun hijira. Ya ce babbar jijiyar da ke kai jini ƙafar ta toshe. Hanya biyu ce: ko a je inda suke da na'urar buɗe ta, ko a jira baƙin ya hau a yanke.

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, “To, in haka Allah ya rubuta.”

Na ce, “Allah ya rubuta a nemi magani ma. Ƙafar nan da ita ka zo neman aurena, da ita za a kai ka makwanci. Likita, ina ne wurin?”

Ya ce Abuja.

Kuɗi kuwa kada ku tambaya. Muna da gona a Konduga, amma a shekarun nan ko kyauta ka bayar ba mai zuwa ya duba ta. Na sayar da 'yan kunnena na gwal da tukwanen da nake taƙama da su. Teloli abokan Malam suka yi karo-karo. Kaso mafi tsoka kuwa, gaskiya ɗaya ce, Yaya Alhaji ne ya kawo shi a buhun kifi, kuɗin har ƙarni suke. Ku riƙe wannan, don in na zo cin mutuncinsa an jima ku san na faɗi alherinsa tukuna.

Muka bi ayarin motoci ta Damaturu, ni da Malam da Asabe, kowa bakinsa da salati har muka fita daji. A Abuja aka ce za a fara ɗaukar hoton jijiyar daga ciki. Aka shiga da shi. Da aka fito da shi sai na ga filasta a matsematsinsa na dama. Na daka tsalle na ce, “La ilaha! Ta hagu ce mai ciwo! Kun huda lafiyayyar!” Nas ɗin da ke kula da shi, wata 'yar Biu mai suna Rahila, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Mama, ta gidan maƙwabci ake shiga a zagayo. Jijiyoyin a sama suke haɗuwa.” Na ce to, ku kuka sani, amma a riƙa gaya wa mutum.

Abin da ya ba Malam wuya ba hudar ba ce, rufe ta ne. Jijiyar nan ba irin ta hannu ba ce da ake ɗiban jini a danna auduga a tashi. Ita wannan in ta buɗe, feshi take yi. Sai da wani ƙaton ma'aikaci ya danne wurin da hannu biyu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan aka ɗora jakar yashi, aka ce kada ya motsa, kada ya lanƙwasa ƙafa, kada ya ɗaga kai, tun hantsi har bayan isha. Mutum mai ciwon baya! Ga fitsari ya matse shi, ga kunya. Malam fa mutum ne da ko abinci ba ya ci a gaban mutane. Ya ce da ni a hankali, “Hauwa'u, in haka za a sake yi, a yanke kawai.”

Da ranar babban aikin ta matso, likitan Abuja ya zo da wani abu a tafin hannunsa. Ya ce, “Baba, na ji ka sha wuya. Wannan karon akwai abin da za mu rufe hudar da shi, in kun yarda. Ƙarin kuɗi ne, amma ba danna, ba yashi.” Jama'a, na matsa na duba. Wani ɗan fari ne siriri kamar ƙwayar shinkafa, sai wani ɗan dunƙule kamar auduga, sai zare ya ratsa su. Ya ce ƙwayar shinkafar a cikin jijiya take kwanciya ta tare hudar, audugar a waje, sai a ja zaren su matse bangon jijiyar a tsakaninsu.

Malam da ke kwance kamar ba shi da rai sai ga shi ya ɗago. “Tsaya, likita. Maɓalli ciki, maɓalli waje, zare a tsakiya? Ai haka muke yi wa yadi mai taushi don kada ya yage!”

“Shi ke nan, Baba, ka gama karatun.”

“To wa zai shiga ya warware ɗinkin?”

“Ba mai warwarewa. Narkewa yake yi. Kamar wata uku, jiki ya shanye shi, da zaren da komai.”

Na ce, “Narkewa? A cikin mutum? Kamar gishiri a miya?” Na tafa hannu. Ni dai na ga abubuwa a duniya, amma ɗinkin da ke cinye kansa ban taɓa ji ba. Malam kuwa ya ce, “Da me aka yi shi? Ba dai naman da aka hana mu ba?” Likita ya ce audugar daga jikin saniya ake samo ta. Malam ya ce, “Saniya ai tamu ce. Bismillah.”

Aka shiga da shi da safe. Suka zura siririn bututu, suka hura wani ɗan balan-balan a inda ya toshe, hanya ta buɗe. Da aka turo shi na kai hannu na kama ƙafar hagu. Ɗumi! Ɗumi kamar ƙulin da aka kwashe yanzu! Na manta a asibitin manya nake, na rangaɗa guɗa, sai da masu gadi suka leƙo. Kuma ba ƙato, ba yashi, ɗan filasta kawai. Kafin la'asar Rahila ta ce, “Baba, tashi mu gani.” Ya sauko da ƙafafu, ya miƙe, ya taka har banɗaki da kansa ya rufo ƙofa. Da ya fito fuskarsa kamar wanda ya dawo daga Makka.

Ranar sallama Rahila ta ja ni gefen gado. Ta ce, “Mama, ke ce mai jinya, ke zan gaya wa. Zai ji ɗan ƙullutu a wurin kamar gyaɗa, toshiyar ce, a bar ta. Fatar za ta yi baƙi, jini ne ya kwanta, zai washe da kansa. Ba gashi da ruwan zafi, ba tausa, ba tsuguno, ba ɗaukar kaya, salla a zaune tukuna. Kuma yana shan maganin tsinka jini, ko aska kada ta kusance shi.” Sai ta kama hannuna ta dunƙule shi, ta ɗora sama kaɗan da filastar. “Kin ji tana harbawa? In kika ga wurin yana kumbura ko jini ya ɓalle, kwantar da shi, ki danna nan da duk ƙarfinki. Kada ki ɗaga don ki duba. Ko wa ya ce ki ɗaga, kada ki ɗaga, sai likita.”

Na ce, “'Yar nan, hannun nan ya fi shekara arba'in yana matse mai daga tunkuza. In na danna abu, sai ya ba da abin da ke cikinsa ko ya yi shiru.”

Muka dawo Gwange. Gida ya cika, masu wushe-wushe, wato 'yan sannu da zuwa, har waje. Ni kuwa na zama soja. Na sa kafinta ya huda kujera aka ɗora a bakin masai don kada Malam ya tsuguna. Na hana shi ɗaukar ko buta cike. Duk wanda ya zo sai na ba shi labarin maɓalli mai narkewa, wasu su ce kai, wasu su ce Ya Hauwa an fara ƙari. Yatsan ya fara washewa, gyambon ƙwauri ya fara kamewa. Wurin hudar kuwa, kamar yadda Rahila ta faɗa, ya yi baƙi-baƙi da shuɗi har ya gangaro cinya.

Ana cikin haka, ba mu cika mako da dawowa ba, Yaya Alhaji ya zo dubiya ya ce sai ya ga inda kuɗinsa suka shiga. Na fita na ba su wuri, ina bayan labule. Sai na ji ya ce, “Subhanallahi! Garba, ka ga abin da nake faɗa? Mataccen jini ne fal! Ga kaluluwa ma ta fito. Sun buɗe hanya sun bar datti a bakin ƙofa. Gobe Ba Modu zai zo ya zuƙe shi.”

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar wa Yaya Alhaji magana ba. Na durƙusa daga bayan labule na ce, “Yaya, a yi haƙuri, ba kaluluwa ba ce, toshiyar ce. Sun ce kada a taɓa.”

“Su wa? Yaran da aka haifa jiya? Hauwa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Ki tsaya a kaskonki.”

Da ya tafi na ce, “Malam, ka ji dai abin da nas ta ce.” Ya ce ya ji. Na ce, “In ya zo ka ce a'a.” Ya ce to. To ɗin nan na san ta, irin wadda yake ce wa masu ɗinkin salla ce.

Washegari na ƙi fita. Jibi na ƙi fita. Ba su zo ba, na ce an manta. Rana ta gaba maganin Malam ya ƙare, na yafa mayafi da hantsi na tafi kemis na bakin titi. Na tarar da layi, na ɗan jima. Ina dawowa, tun daga nesa na hango takalma biyu a ƙofar zaure da ba na gidan ba. Ɗaya na sani, na Yaya Alhaji. Kusa da ɗayan kuwa ga zabirar wanzami a jingine.

Ban san lokacin da na yar da ledar magani ba. Zauren nan in maza na ciki ko inuwata ba ta gilmawa, amma ranar na faɗa ba sallama. Ga Malam kwance a tabarma ya rufe fuska da hula. Ga ƙaho an kafa a daidai kan toshiyar, ya zuƙe fatar ta taso. Ku da kuka san ƙaho kun san sau biyu ake kafa shi: na farko a tara jinin, a cire, a tsaga, sannan a mayar. Ba Modu ya riga ya kafa na farko, yana wasa aska a tafin hannu.

Na ce, “Ba Modu, in askar nan ta sauka, wallahi da kai za a yi shari'a gobe kiyama!”

Yaya Alhaji ya ce, “Ke! Hauwa! Zauren maza?”

Ban ko kalle shi ba. Na ɓalle danƙon bakin ƙahon, iska ta shiga, ya saki. Sai ga wurin yana tasowa a idona. Daga gyaɗa ya zama ƙwai, daga ƙwai yana neman lemo, yana harbawa. Malam ya ce, “Hauwa'u, jiri.” Na dunƙule hannun dama, na nemo inda Rahila ta nuna mini, na danna, na hau kai da duk nauyina.

“A nemo mota! Yanzu!”

Ba Modu, Allah ya ba shi lada, shi ya fara fita da gudu. Ya samo maƙwabcinmu mai a-kori-kura da yake ɗaukar itace. Aka ɗauki Malam da tabarmar gaba ɗaya, ni ina biye a durƙushe, hannuna bai bar wurin ba. Aka shimfiɗa shi a bayan motar. Na ce a yafa mana zane, aka rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa, hannuna a ƙarƙashi. Yaya Alhaji ya hau ya rakuɓe a kusurwa. Gwange kaf ta fito kallo. Ban damu ba.

Abin da na manta shi ne shingen sojoji da ke tsakaninmu da asibiti. Dokar wurin kowa ya san ta, har jarirai: mota ta tsaya daga nesa, kowa ya sauka, a ɗaga hannu sama a taka a wuce. Kuma lokacin ne ake tsoron duk abin da ke ƙarƙashin mayafi. Direba ya tsaya, ya sauka, hannu sama. Yaya Alhaji ya sauka, hannu sama. Saura ni, tsohuwa a durƙushe a bayan mota, hannu ɗaya a ɓoye cikin zane.

Wani soja ya daka tsawa da Turancin nan da duk Maiduguri ta haddace: “Hanzof!”

Na ɗaga na hagu.

“Duka! Duka biyu!” Na ji ƙarar bindiga ƙaƙas. Mutanen da ke layi suka fara ja da baya, wasu suka kwanta a ƙasa.

Jama'a, a ƙarƙashin dunƙulena ina jin jijiyar Malam tana bugu kamar tana neman hanya. A gabana ga bakin bindiga. Na ce a raina, Hauwa, yau ko ke ko shi. Na ɗaga murya na ce, “Ɗana! Ba zan ɗaga ba! Jijiya na danne. In na ɗaga, mijina ya tafi. In harbi ne ka harba, amma ka zo ka karɓi wurin tukuna!”

Ban sani ba ko ya ji Hausar. Sai Yaya Alhaji, da rawaninsa da girmansa, ya shiga tsakanina da bindigar, hannuwansa a sama, yana cewa, “Ranka ya daɗe, ga biyu nan! Ɗaya nawa, ɗaya nata! Ni na jawo, ni za a harba!”

Sojan ya ce a buɗe zanen. Wa zai buɗe? Ni hannu ɗaya a sama, ɗaya a jijiya. Sai na ji zanen yana motsi. Malam ne. Malam da ba ya cin abinci a gaban mutane, Malam da ya gwammace a yanke ƙafarsa da a ba shi tasar fitsari, shi ya kama zanen da hannunsa ya yaye, a tsakiyar titi, rana tsaka. Da 'yar muryarsa ya ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Zo ka duba, yaro.”

Sojan ya matso a hankali, ya leƙa. Ya ga kumburin, ya ga baƙin, ya ga dunƙulena ya nutse a ciki. Yaro ne ƙarami, bai fi jikana ba. Sai ya kawar da kai, ya sauke bindiga, ya ja zanen da kansa ya rufe Malam. Ya juya yana ihu a janye gangar da ta tare hanya. Da Hausarsa ta 'yan koyo ya ce, “Mama, riƙe! Riƙe da kyau!”

Na ce, “Ai ba kai za ka gaya mini ba.”

A asibiti ma nas-nas suka ce in saki su gani, na ce sai likita. Aka turo mu har ɗakin hoto a haka, ina tafe a gefen gado a sunkuye. Sai da likitan nan na farko ya zo ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce, “Mama, na karɓa,” sannan na janye. Yatsuna suka ƙi miƙewa, sai da Asabe ta iso ta riƙa buɗe su ɗaya-ɗaya. Aka shafa masa wani abu mai yauƙi aka duba da na'ura. Likita ya ce zuƙar ƙahon ta sa jini ya tsiyaye ta gefe ya taru a ƙarƙashin fata, amma dannar ta tsayar da shi, toshiyar kuma tana nan daram inda aka ajiye ta. Ya ce da askar ta sauka, ga maganin tsinka jini a jikinsa, da ba mu kai shingen ba ma.

Na ce, “Tana nan? Ƙaho bai tumɓuke ta ba?” Ya ce tana nan. Na sake guɗa. Kai, wannan 'yar aba da taurin kai take, irina ce!

Sun riƙe shi 'yan kwanaki, da jakar yashin da ya tsana, na ce maganinka ke nan, mai to. Yaya Alhaji kullum yana bakin ɗaki da kwanon farfesun kifi. Bai ce mini yi haƙuri ba, manya ba sa faɗa. Amma ranar da aka sallame mu, wani ɗan'uwansu ya fara cewa a gasa wurin da ruwan zafi, sai na ji Yaya Alhaji ya ce, “Kai, tambayi Hauwa tukuna.” Wannan ta ishe ni.

Baƙin ya koma ɗorawa, ɗorawa ta washe. Kowace safiya sai na taɓa ƙullutun in gaishe shi. Yana raguwa, yana raguwa, daga gyaɗa ya koma gero. Wata safiya bayan wata uku na nema, na nema, babu. Na ce, “Malam, baƙuwarmu ta tafi ba sallama!” Ranar ya hau keke. Da na ji ƙarar nan daga zaure, ƙulin da ke kasko ya ƙone ban sani ba.

To ku ji, ku da za a yi wa naku irin wannan aiki. Ƙullutun ba kaluluwa ba ce, baƙin ba na ƙaho ba ne. Ba gashi, ba tausa, ba aska. Ku sa a nuna muku inda ake dannawa tun kuna asibiti. Kuma kada ku tsaya gaya wa majinyaci kaɗai. Ku nemi wanda majinyacin ba ya iya ce wa a'a, shi za ku zaunar ku yi wa bayani. Ban ce wanzami ba shi da rana ba, Ba Modu har gobe shi ke yi wa jikokina aski. Amma kowane ɗinki da telansa.

Ranar da za mu koma a duba shi karo na ƙarshe, napep ta sauke mu a shingen nan. Aka ce kowa ya sauka. Malam ya sauko da ƙafafunsa biyu, ba sanda, ba mai riƙe shi, ya ɗaga hannu ya kama tafiya, ƙyas, ƙyas, har yana wuce samari. Ni kuma ina bayansa, na miƙe hannuwana can sama. Mutane suna tafe kai a ƙasa, ni kaɗai nake dariya. Ya waiwayo ya ce, “Hauwa'u, lafiya? Sauke kaɗan mana, kamar mai shanya.”

Na ce, “Bar ni, Malam. Ana bina bashin hannun da na ƙi ɗagawa rannan.”

Na ƙara miƙa su sama, duka biyun.